Shamuwa Mai Munduwa

Tun da na dawo daga Keita ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira ba. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Mushe, yaya tsibiri? Ina hoton?" Na ba da labarin guntu-guntu har bakina ya gaji, kuma wanda ya ji rabi sai ya je kasuwa ya ƙarasa sauran da kansa. To ga shi nan dukansa, daga fita har dawowa. Wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa.

Sai na fara da Kawu Arzika, yayan mahaifiyata, don saboda shi aka yi tafiyar. A ƙauyenmu na kusa da Sabon Gida ba mai kiransa da sunansa, Mai Munduwa ake ce masa. Yana saurayi ya je cin rani wajen Keita, aikin jera duwatsu a kan tuddai. Da ya dawo ya ce a wani tsibiri da ke tsakiyar tabki ya ga shamuwa ana cikin tsananin ɗari, ta fi tamu girma, bakinta ja, ƙafafunta ja, kuma da munduwa a ƙafarta kamar amarya. Kowa dai ya san shamuwa da ruwan farko take zuwa, kafin a gama kaka ta yi gaba. Aka yi dariya, dariyar nan kuma ba ta ƙare ba har yau, shekara arba'in da ɗoriya. In Kawu ya ce ya ga jinjirin wata sai an tura wani ya duba. Ni kaina, da nake koyarwa a lakwal, wato makarantar bokon garin, shi ya sa ake ce mini Mushe, in yaro ya kawo mini uzurin ƙarya nakan ce masa, "Kar ka yi mini labarin Mai Munduwa."

Ana nan, wata Asabar na je Madawa gaida wani tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya. Ina jujjuya wani littafinsa na hotunan tsuntsaye don kawai hannuna ba ya iya zama haka nan, sai na gan ta. Baƙa, farin ciki, jan baki, jan ƙafa. Tsohon ya ce wannan daga ƙasashen Turawa take tasowa in sanyinsu ya yi yawa, kuma ba kasafai ake ganinta ba. Na ce munduwa fa? Ya ce ai masu binciken can sukan hau sheƙa su sa wa 'ya'yan zobe a ƙafa don su san inda suke zuwa. Na ari littafin, na ari madubinsa na hangen nesa da yake kira jumel, na ƙudura cewa hutun ƙarshen shekara zan kai Kawu wurin, in ɗauko hoton tsuntsuwar nan a wayata, in nuna shi a ƙofar masallaci ranar Juma'a, a mayar wa tsoho da sunansa.

Kawu bai yi murna yadda na zata ba. Yanar ido ta fara rufe masa gani, mutum ma sai ya matso yake gane shi.

"Mi za ni gani da idon ga?" ya ce.

"Ni za ni gane maka, Kawu."

"To kai ka tahi mana."

"Ban san wurin ba."

Sai ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da sandarsa da butarsa. Kayan tafiyarsa ke nan.

Kwana uku kawai gare mu ban da ranar dawowa, Litinin dole in tsaya a aji. Rabin rana ta farko a tashar Madawa ta tafi. Motar Buza ba ta tashi sai ta cika, cikarta kuma ba ta mutane ba ce kaɗai, sai da aka ɗora buhunan albasa har rufinta ya lotsa. Na zaga motar nan ya fi sau ashirin, na tambayi direba, na tambayi kamasho, na koma na tambayi direba. Kawu yana zaune a inuwa kamar wanda ya zo hira. Ya ce, "Mushe, in zagayawa na cika mota, da tuni mun kai." Muka tashi bayan azahar, ba mu yi nisa ba taya ta fashe, aka sauke albasa, aka sauke mu, aka mayar da albasa, sannan aka tuna da mu.

Ba mu ƙetare iyakar wata ƙasa ba, amma igiyar da jandarmomi suka gitta a bakin Buza ta ishe ni iyaka. Wani matashi a cikinsu ya buɗe jakata ya zaro jumel, ya riƙe shi da yatsu biyu.

"Mi kaka leƙe da wanga?"

"Tsuntsaye."

"Harbi kaka yi?"

"A'a, kallo."

"Ka kalla, sannan ka yi mi?"

"In dawo gida."

Ya kira abokin aikinsa, suka dube ni tare. A zamanin nan da hanyoyi ba lafiya ban ga laifinsu ba, amma gumi ya karyo mini, na fara zaro takardun aiki ina bayani da Faransanci, bayanin da ke ƙara dagula al'amarin. Sai Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, yi haƙuri da shi. Ɗan ƙanwata ne, ba shi da mugunta, boko ne yay yi mai yawa." Jandarman ya fashe da dariya. Ya ɗora jumel a ido, ya hango shugabansu can gindin bishiya yana fama da ƙashin kaza, ya ƙara wata dariyar. Ya mayar mini ya ce in mun ga tsuntsun mu tsaya mu ba shi labari.

Motar Keita ta riga ta wuce, dole muka kwana a Buza gidan wani abokin karatuna. Da sassafe muka hau kabu-kabu, babur ɗin haya, guda ɗaya mu uku, direba, Kawu a tsakiya da buta a cinya, ni a baya rabin zamana a kan ƙarfe. Hanyar duk duwatsu ce da kwazazzabai. Sau uku ina sauka ina turawa, sau ɗaya kuma na sauka ba da niyya ba. Muka wuce Keita, Kawu yana ta tambayar mutanen hanya da sunayen waɗanda suka daɗe da rasuwa, har Allah ya haɗa mu da wata tsohuwa mai jaki da ta gane ƙauyen da yake nufi. Ba mu isa ba sai bayan la'asar. Rana ta biyu ke nan ta tafi.

Aka kai mu gidan Barmo, mai jirgin da ke kula da tabkin, wani dogon dattijo mai ƙaramar murya. Na buɗe baki zan faɗi abin da ya kawo mu, ya ɗaga mini hannu. A wurinmu baƙo yana ajiye ƙwaryar ruwa ake tambayarsa lafiya, su kuwa sai ya ci ya wanke hannu. Aka kawo fura, aka kawo tuwon gero da miyar busasshen kifi. Miyar ta yi daɗi, amma ko ƙwallin albasa babu, abin da a ƙasar Madawa zai sa a yi wa mai girki tambaya. Bayan nan aka kawo shayi da cuku mai tauri da suke saya wurin makiyaya. Ina taunawa ina duban rana tana sauka, ƙafata tana ta rawa. Sai da aka sha kofi na uku Barmo ya ce, "To, lahiya?"

Na buɗe masa littafin. Ya duba ya ce, "Awo, baƙuwar ɗari. Wata shekara ta zo, wata shekara ba ta zuwa. Bana na gane ta sau biyu, can bayan tsibiri." Na ji kamar in tashi in yi rawa. Kawu ya matso, muryarsa ta sauya, ya ce, "Da munduwa ga ƙahwatta?" Barmo ya dube shi, ya dube ni, sai ya yi 'yar dariya. "Munduwa kuma, tsoho? Wa zai aure ta?" Kawu ya koma ya jingina da bango. Mun yi tafiyar kwana biyu mun zo mun tarar da dariyar gida tana jiranmu, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A zauren da yake ajiye taru muka kwana, har yau rigata tana ƙarnin kifi. Gari na wayewa muka shiga jirgin, wani ɗan ƙarami da aka ƙera da ƙarfen ganga. Na roƙi Barmo ya tuƙa a hankali, na ce kada kowa ya yi ko tari, don tsohon ma'aikacin gandun daji ya gargaɗe ni cewa duk sirrin abin shiru ne. Barmo ya gyaɗa kai. Tsibirin bai fi gonar mutum ɗaya ba, da 'yan bagaruwa a tsakiya, amma bakinsa ya yi baƙi ƙirin da tsuntsaye. Kirinjijiya, dinya, zalɓe, balbela, da wasu ƙanana masu dogon baki da ban san sunansu ba. Na ɗora jumel ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Saura taku kamar ashirin mu taɓa ƙasa, Barmo ya ajiye sandar tuƙi, ya miƙe tsaye, ya sa hannu biyu a baki. Mutumin nan mai ƙaramar murya ya kwarara sallama sai da tuddai suka amsa.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Sau uku ya yi. A ta farko sama ta cika da fukafukai, a ta uku ko balbela ɗaya ba ta rage ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba, jirgi ya yi tangal-tangal. Na ce, "Haba Baba! Mi na ce maka?"

"Na ji ka," ya ce. "Amma ba a taka wurin ga sai da sallama uku. Na kakannina ne. Mu yanzu salla muka yi, alhamdu lillahi, amma gidan mutane gidan mutane ne."

"Su wa ke ciki?"

"Ban tambaya ba. Ubana ma bai tambaya ba."

Ya sauka ya zuba ɗan gero a gindin bagaruwa ya dawo. Na ce to mu koma, in tsuntsaye sun dawo sai mu lallaɓo ba sallama. Ya ce in na sami wani jirgin bismilla, kuma ya san babu. Na zaga tsibirin a fusace, cikin minti goma na gama shi, taɓo ya cinye mini takalmi ɗaya. Na dawo na tarar Kawu ya shimfiɗa rawaninsa a inuwa ya zauna.

"Sallama an riga an yi," ya ce. "Yanzu mu 'yan gida ne. Baƙo ba a bi nai, jira nai aka yi. Zamna."

Barmo ya ce zai je duba tarunsa, zai dawo ɗaukarmu in rana ta taɓa kan tudu, don ba ya shiga tabkin nan da duhu. Ya tafi ya bar mu da gorar fura.

Ban taɓa sanin rana tana da tsawo haka ba. Na kashe waya don cajin ya kusa ƙarewa, ƙauyen kuma ba wuta. Na zauna, na kishingiɗa, na tashi, tururuwa ta shiga wandona, na canza wuri. Duk motsin da na yi sai Kawu ya taɓa ni da sanda. Wajen hantsi tsuntsaye suka fara dawowa, biyu-biyu, uku-uku. Kawu ba ya ganinsu, amma da kunne yake faɗa mini, wannan kirinjijiya ce, wancan zalɓe ne ya sauka hagunka, in duba jumel in ga haka ne. Ni mai littafi sai na koma ɗalibi.

Bayan mun yi azahar, shirun ya ishe ni, na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba.

"Kawu, sunan ga yana yi maka zahi?"

Ya ce sunan bai dame shi ba, mutum yakan saba. Abin da bai manta ba shi ne ranar da aka yi shari'ar gonar marayun Tanko. Yana wurin lokacin da ubansu ya kafa iyaka, ya san dutsen, ya san bishiyar. Ya tashi zai ba da shaida, mai gari ya yi murmushi ya ce a kira wani. Ba a sami wani ba, gonar ta tafi.

Na ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Kawu, ni ma ina hwaɗin maganar ga cikin aji."

"Na sani," ya ce. "Jikata na ajinka."

Karo na farko tun da muka baro gida na zauna ban motsa ba.

Mun idar da la'asar, rana ta fara gangarawa, har na hango jirgin Barmo kamar ɗigo can nesa ya juyo. Na riga na fara haɗa maganar haƙurin da zan ba Kawu. Sai wata inuwa ta gitta ta kanmu, babba, ba kuka ba hayaniya. Ta yi zagaye ɗaya ta sauka a bakin ruwa cikin ciyawa, bai fi taku talatin daga inda muke ba. Na ɗora jumel. Ita ce. Baƙin bayanta yana sheƙi, cikinta fari, bakin nan ja wur kamar barkono. Ƙafafun ne kawai ban gani ba, ciyawa ta rufe su har sama.

Na raɗa masa, "Kawu, ta zo."

Na zaro waya na danna, na cusa ta cikin riga don kada ƙarar kunnawa ta fita. Kun san wayata, kafin ta farka sai mutum ya yi alwala. Ina ƙirga numfashi ina roƙon Allah, sai na ji motsi a gefena. Kawu ya dafa sanda ya miƙe tsaye. Ya gyara hularsa, ya fuskanci inda ya ji saukarta, ya ɗaga murya yadda ake yi wa wanda ya dawo daga hajji.

"Sannu da zuwa, baƙuwa! Sannu da hanya!"

Ta ɗaga kai, ta buɗe fukafukai, ta tashi. Ta bi ta gabanmu ƙasa-ƙasa, ƙafafun nan jajaye a miƙe a bayanta. Jumel yana idona, kuma na gani sarai kamar yadda nake ganin hannuna. A ƙafar hagu, sama da gwiwa, akwai farin zobe mai baƙin rubutu. Ta haye tudu ta ɓace. A daidai lokacin wayata ta yi haske.

Na juya na yi masa tsawar da ban taɓa yi wa babba ba. "Kawu, ka kashe mu! Saura ƙiris!"

"Kai kac ce daga bayan teku ta taso," ya ce. "Ta yi wagga tahiya, ta sabka gabana, in yi mata shiru? Mu munka riga ta shiga gida, mu za mu gaishe ta." Sannan muryarsa ta yi ƙasa. "Ka ga ƙahwar?"

Sai a lokacin na gane cewa da bai tashe ta ba, da hoton tsuntsuwa cikin ciyawa zan kawo, ba ƙafa ba munduwa. Na ce, "Na gani, Kawu. Ta hagu. Fara ce, da rubutu."

"Tawa ta ƙarhe ce," ya ce, "ga ta dama."

Ya zauna a hankali. Ya ɗauki buta kamar zai yi wani abu da ita, ya ajiye. Hawaye suna bin gemunsa bai share ba. Na durƙusa na ce ya yafe mini, ba tsawar kaɗai ba, ya ce in tashi in nemo takalmina. Da Barmo ya iso na faɗa masa, ya ce shi dai daga nesa ya ga tashinta, bai ga munduwa ba, amma tunda mushe ya faɗa. Ya faɗi haka yana kallon ruwa.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman Buza ya gane mu. Ya ce, "Kun gani?" Na ce mun gani, har da munduwa. Ya ce, "Ina hoto?" Na ce babu. Ya sauke mana igiya yana dariya.

Ranar Juma'a na cika alkawarin da na yi wa kaina, ko da hannu wofi. Da aka sallame na miƙe a ƙofar masallaci na faɗi abin da idona ya gani. Na buɗe littafi na nuna, na yi bayanin zoben da masu sa shi. Aka saurare ni har ƙarshe, don ni mushe ne. Sai Lawali, abokina na fada, ya ce, "To ina hoton?" Na ce tsuntsuwar ta tashi. Ya ce mi ya tashe ta? Na ce Kawu ne ya gaishe ta. Wurin ya kece da dariya. Mai gari na yanzu, ɗan wancan, ya yi murmushi, kuma na gane murmushin, don ni ma na shekara talatin ina yin irinsa. Kafin in kai gida an raɗa mini Ƙaramin Mai Munduwa, kun kuma san wanda ya raɗa.

Raina ya ɓaci har ina jin zafi a kunnuwana. Na buɗe baki zan rantse da abin da zai kashe ni, sai na ji an ja hannun rigata. Kawu ne, fuskarsa a sake yadda ban taɓa gani ba.

"Bari rantsuwa, Mushe, ba ta da amfani, na gwada," ya ce. "Mu tahi gida. Shekara arba'in ni ɗaya. Ko alƙali shaidu biyu yaka nema."